Mai Yi wa 'Yar Tela Kitso

Da magariba tela ta rufe shagonta ta biya kantin magani. Lokacin da mijinta ya rasu barci ya gagare ta, likita ya rubuta mata rabin ƙwaya, na kwana goma. Yau wata bakwai ke nan, uku take haɗiyewa. Ta ce wa mai kantin na tsohuwarta ne. Rashin jin magana ne wannan, ga kuma ƙarya a kai.

Da ta koma gida ta iske 'yarta mai shekara shida a bakin ƙofa da sabon kitso, siriri, tsaf.

"Ke, wa ya yi miki kitso?"

"Ke mana, Umma. Ke ta dare." Yarinyar ta shafa kanta. "Ta dare ta fi ki. Ba ta tsawa, ba ta jan gashi, har waƙa take min."

Ba tsoro tela ta fara ji ba, kishi ne. Ita ta yi naƙuda, ita ke taka keken ɗinki har ƙafa ta kumbura, sannan a ce wata ta fi ta? Ta duba kitson. Babu inda aka faro, babu inda aka tufke.

Daren nan ta ƙi shan ƙwayar, ta kwanta ta yi lamo. Jiki ya fara neman abinsa. Gumi, zuciya na dukan haƙarƙari.

Famfo yana ɗiga a waje. Sai ya daina.

Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika ɗakin.

Katifa ta lotsa a gefen yarinyar. Mace ce zaune, da zanen tela, da fuskar tela. Idonta ne kawai ba ya ƙiftawa.

"Tashi, 'yar lele," ta raɗa. "Yau tafiya za mu yi. Waccan ba ta farkawa."

Yarinyar ta miƙa mata hannu tana murmushi.

"Sakar min 'ya!"

Matar ta juyo a hankali. Ta buɗe tafin hannu. Ƙwayoyi uku, farare.

"Ke kika bar min wurin. Sha ki huta."

Yawun tela ya tsinke. Wallahi hannunta ya tafi. Saura ƙiris.

Sai yarinyar ta ce, "Umma."

Ba tela take kallo ba.

Tela ta kaɗe hannun nan, ta fizgi 'yarta, ta yi waje tana salati, ko takalmi babu, sai gidan maƙwabciya.

Da safe ta je ta faɗa wa likita gaskiya. Ya yi mata faɗa, ya ce ba a yanke ƙwayar rana ɗaya, a hankali za a rage. Ta sha wuya kafin ta rabu da ita.

Kitson kuwa ya ƙi tsefuwa, sai aski aka yi. Da gashin ya sake fitowa, tela ce ke yi da hannunta. In yarinyar ta ce, "Umma, kina ja," ba ta ƙara yin tsawa ba. Sassautawa take yi.