Hayaƙi a Ƙofar Gidan Inna Oanh

Inna Oanh tana soya ragowar ƙullin shinkafar Tet, bikin sabuwar shekara, lokacin da 'yarta Thoa ta shigo da ledar lemo, gashinta jiƙe da yayyafin nan na bayan biki wanda ba ya ɗaukewa a Hanoi.

"Yau ma saurayin naki Luan a ƙofa ya tsaya?"

"Sauri yake yi, Inna. Suna da rihazal na kiɗa."

Goggo Tuyet, ƙanwar marigayi baban Thoa, ta taɓe baki. Ita dai matar nan ba ta taɓa zuwa gidan hannu rabbana ba, kullum da labarin wani a bakinta.

"Rihazal ɗin me? Gari ya cika da fosta, masu jaz a babban zaure, masu rok a bakin tafki, yaran nan masu surutu da sauri, har tsofaffin mata masu waƙar dā. Duk na bi na karanta. Inda sunan Luan yake an liƙa sunan wani a kai."

"Ƙila kuskure ne, Goggo."

"Ita ma macen da na gani a bayan babur ɗinsa da sassafe, sun nufi gada, kuskure ce? Ki shinshina rigarsa in ya dawo. Turare yake yi, kuma ba naki ba."

Thoa ita ma ta ji ƙamshin. Wata mai zuwa ne dangin Luan za su kawo farantan ganyen taunawa na baiko. Amma tun da aka shiga sabuwar shekara bai taka gidan ba. Bai kunna wa hoton babanta turare ba, bai gaida Kaka da ke kwance a ɗakin ciki ba. Sai dai ya miƙo lemo daga kan babur, ya ja baya kamar ƙofar za ta cije shi.

Inna ta juya shinkafar ta ce, "Na yarda da mai busa saksofon duk da surutun dangi. Amma wanda ya raina gidana ba zai kawo faranti cikinsa ba. In watan nan ya ƙare bai shigo ba, maganar ta mutu."

Washegari Thoa ta tare Luan a ƙofa.

"Shigo ka sha shayi."

"Ba yau ba."

"Wace ce kake ɗauka da safe?"

Ya sunkuyar da kai. "Ki ɗan ƙara haƙuri da ni, Thoa."

Haƙuri kuma! Ta koma ɗaki ta sha kukanta, ta ƙi cin abinci. Ranar Asabar da rana ta sayi tikiti ta shiga zauren jaz, tana fatan Goggo ce ta yi ƙarya. Wani ƙato mai gemu ta tarar yana busa a wurin da Luan ya yi shekaru yana mafarkin tsayawa.

Da gari ya waye ta hau babur ɗinta ta laɓe a bakin lungun su Luan. Sai ga shi ya fito, mace a bayansa da wani abu a naɗe cikin zani. Ta bi su har suka tsallake gada, zuciyarta na tafasa, tana shirya maganganun da za ta gasa musu. Suka shiga wani lungu da aka kafa rumfa. Mutane na zaune da farin ƙyalle ɗaure a ka, hayaƙin turare ya turnuƙe wurin.

Gidan rasuwa ne. Macen ta kwance zanin, sai ga ƙaramar ganga. Luan ya zura doguwar baƙar riga, ya ɗauki algaita ya kai baki. Da ya busa, matan gidan suka ɓarke da kuka, ita ma Thoa ta bi su ba ta san mamacin ba.

Da aka tsagaita ya hango ta, ya taso ya zo wurinta.

"Yayata ce, Nhan. Baba ya faɗi a cikin bikin, ɓarin jikinsa ya mutu. Shi ne mai algaitar ƙungiyar, in babu shi babu aiki, ga gawa ba ta jira. Sai na bar wa wani gurbina a zauren."

"Ka ce min babanka mai kiɗan gargajiya ne."

"Ban yi ƙarya ba, amma ban ƙarasa ba. Na ji tsoro. Inna ta karɓi mai saksofon, ban san ko za ta karɓi ɗan mai busa wa gawa ba."

"To ƙin shiga gidan fa?"

"Haba, Thoa. Kullum daga kan gawa nake. In kwaso wa Kaka sanyin mamaci a watan farko na shekara, tana kwance? Gara a ce ba ni da tarbiyya."

A gida Thoa ta durƙusa ta faɗi komai, hawaye na zuba. Goggo Tuyet ta tafa hannu.

"Ashe ma ya fi abin da na zata muni. Mai busa wa gawa? A danginmu? Yaya, ki sallame su tun mutane ba su ji ba."

Inna Oanh ta dubi hoton mijinta, ta juyo wurin Goggo.

"Tuyet, ranar da aka fitar da yayanki daga gidan nan, ana ruwa, wa ya raka shi da busa har bakin rami? Wani tsoho ne, ko sunansa ban tambaya ba. Kuma ke ba makon jiya kika zo daga makokin maƙwabciyarki kika zarce ɗakin Kaka ba, ko ƙafa ba ki wanke ba?"

Goggo ta ce ai ta manta ta bar tukunya a wuta, ta suri hularta.

Da yamma Luan ya tsaya da babur inda ya saba, da ledar lemonsa. Sai ya ga Inna a tsugune a bakin ƙofa, ta zuba garwashi a tsohon kasko, tana watsa masa busasshen ɓawon lemo, irin hayaƙin da ake yi wa wanda ya dawo daga jana'iza don kore sanyin mamaci.

Zargi dai mugun abu ne, yana iya rusa gida a kan ƙamshin riga. Shi ma shirun Luan laifi ne, don wanda ya ɓoye sana'ar ubansa ya bar wa masu tsegumi fili. Abin da ya ceci soyayyar nan shi ne Thoa ta daure ta je ta gani da idonta kafin ta yanke hukunci.

Luan ya sauko daga babur. "Inna, ki yafe min, ni..."

"Kai, ni ba waƙa na ce ka yi min ba," in ji ta, tana fifita garwashin. "Tsallake hayaƙin nan ka shigo, ɗana. Kaka na ta tambaya ko mai lemon ba shi da ƙafa. Gobe kuma ka kai ni in duba babanka."

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake.