Sunan na Bakwai

Ku rage wutar fitilar nan. Hajjo, rufe baki, ƙuda zai faɗa.

Kakanku Sallau da kuke gani a ƙuryar ɗaki, ba ciwo ne ya kwantar da shi ba. Kwaɗayi ne.

Wata shekara yana noman albasa a fadama, layin ban ruwansa ya faɗo da dare. Sai sama ta tsage. Dunƙulen wuta, kore shar, ya wuce fuu, ya faɗa bayan giginyu. Kowa ya san mene ne: aljani ne ya hau satar jin zancen sama, aka jefe shi. Masu hankali suka yi a'uziyya, suka sunkuyar da kai.

Ban da mijina. Wai ya ji ana sayen dutsen sama a birni. Ya ɗauki bokiti ya bi.

Kwaɗi sun yi tsit. Ƙauri kamar ana babbakar kan bijimi. Wani mutum zaune, bayansa na hayaƙi. Ƙafafunsa a cikin laka, kofato ne.

"Sallau. Zuba min ruwa."

"Ina dutsen?"

"Babu dutse. Akwai labari. Mutum bakwai za su mutu a garinku bana."

Jaki ma da ya ruga. Shi ya zuba ruwan, ya tsuguna.

Mutumin ya lissafa sunaye shida.

"Na bakwai fa?"

"Ana cikin faɗar sunansa aka jefe ni."

Ya dubi Sallau, ya daɗe yana dubansa, ya yi murmushi. Sai hayaƙi kawai.

Da safe kakanku yana ta hura hanci, wai ya san gaibu. Na ce, "Malam, ɓarawon da aka ƙone wa baya shi ne malaminka?"

Liman Jatau ya rasu. Sai ungozoma Tabawa. Kafin kaka, shidan nan cif. Ranar ya shige ɗaki ya saka sakata. Albasa ta ruɓe a fadama. Shekara ta ƙare, na ce fito. Ya ce shekarar aljanu ba irin tamu ba ce.

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina tura masa tuwo ta bakin ƙofa.

In kun ga wuta a sama, ku dubi ƙasa. Kada wanda ya bi hanyar giginyun nan shi kaɗai. Mutuwa sau ɗaya ake yin ta; wancan sakaran kullum sai ya yi.