Salansar da Ta Yi Ja

Wata uku wani makanike ya yi yana tayar da wata tsohuwar mota da ya saya. Ran nan duhu ya riske shi a gareji, injin yana kakkarwa a silo ba a taka totur ba, salansa ta yi jajir kamar garwashi. Ya canja fulogi, a banza.

"Taimin ɗin injin ne ya kauce, ɗana," in ji wani tsoho daga bayansa. "Man a salansa yake ƙonewa."

"Baba, ta ina ka shigo? Ai na kulle get."

Tsohon ya durƙusa, ya dafa jan ƙarfen da tafin hannu, bai ɗauke ba. Ko ƙauri babu. Sifana ta suɓuce wa makanike.

"Haka ta yi min," tsohon ya ce, "daren da aka ciro gawata daga cikin motar nan."