Hannun da Dogo Yake Ɗagawa

Tana kan keken ɗinki, ta danne bakin wata riga da yatsa, sai maƙwabciyar shagonta ta faɗo babu ko sallama.

"Bar ɗinkin nan ki tashi. 'Yarki ce."

Mai ɗinki ba ta tsaya neman takalmi ba. Da ta isa gidan ƙanenta Dogo, inda ita da 'yar suke zaune, ta tarar an shimfiɗe yarinyar a tsakiyar falo, an rufe ta da zanen gado. Budurwa ce mai lafiya, ko ciwon kai ba ta yi ba. Shanya take yi, ta ɗaga hannu za ta rataya riga, ta faɗi, shi ke nan.

Dogo bai dawo ba sai da yamma, don ranar ce suke yanke hukuncin gasa. Ya shigo yana ƙamshin turare, ya tsaya a kan gawar, ya sunkuyar da kai. Kowa da ya shigo gidan nan ya tambayi abin da ya same ta. Shi kaɗai ne bai tambaya ba, kuma Mai ɗinki ta lura.

Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifinsu. Da keken nan ta tsaya masa har ya zama mai zanen gine-gine. Akwai gasar da masu wannan sana'a ke yi duk shekara. Kowa ya aika hotunan ginin da ya zana, da ɗan ƙaramin kwatancinsa na kwali, sai alƙalai su zauna a ɗakin otal mai sanyi su zaɓi gwani. Wanda ya ci, aiki har sai ya ture. Dogo ya yi ta shiga yana faɗuwa, har wata rana ya jefar da kwalinsa a tsakar gida ya taka shi.

"Yaya, ba cin gasar nan ake yi ba, raba ta ake yi. Ni na daina roƙo. Kujerar mai rabon nake so."

Ta ce, "Ci abincinka dai kafin ya huce, sarkin buri."

Shekara ba ta zagayo ba aka sa shi cikin alƙalai, ta gaba ya zama shugabansu. Duk ginin da ya ɗaga wa hannu, sauran sai su bi shi kamar an ja su da igiya. Masu son ci suka gane hanya. Motoci suka fara kwana a ƙofarsa, ana ba shi kaso a manyan ayyuka bai ja layi ko ɗaya ba. Ya kwashe iyalin daga tsohon gidansu zuwa wani mai bene. Tsohon gidan ma bai bar su sun fita lafiya ba, don sau biyu wuta na cin wani ɓangarensa, kicin da ɗakin ajiya.

A sabon gida Inna, mahaifiyarsu, ta mutu tana zaune, cokali a hannunta. Bayan shekara matar Dogo ta tashi tana bin bango da tafin hannu tana neman ƙofa, alhali ga ƙofar a buɗe a gabanta. Har yau ba ta same ta ba. Yanzu ga 'yar Mai ɗinki. Duka ukun a ranar hukuncin gasa.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ta same shi a ofishinsa na gida, ta murɗa makulli ta jefa shi cikin rigarta.

"Ba ka tambayi abin da ya kashe ta ba."

"Yaya, rai na Allah ne."

"Kada ka sa sunan Allah a bakin nan. Ni na wanke maka kashi. Faɗa mini."

Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya faɗa, kuma ga abin da ya faɗa.

Da rana tsaka aka kai shi wurin wani boka a wani kango a ƙarshen gari, bene da aka fara aka watsar, ƙarafa sun yi tsatsa sun miƙe sama. Bokan yana zaune a ramin da aka haƙa don tankin ruwa. Tun daga matakala wari ya tare shi, warin jini da ya kwana da na gashi da aka ƙona. An jera ƙahoni a bango, an naɗe kowanne da jan ƙyalle. Ga tukunya baƙa da ƙudaje suka rufe bakinta, ga kawunan tsuntsaye a zare kamar carbi. Bokan ɗan tsamurmuri ne, farcensa sun yi tsawo har sun lanƙwashe.

"Gasa kake so ka ci?"

"A'a. So nake in zama wanda ke cewa wane ya ci."

Bokan ya yi dariya, haƙoransa jajaye. "Kai ka fi na jiya wayo. Miƙo hannun dama."

Ya tsaga masa babban yatsa, ya tura hannun cikin tukunyar har gwiwa. Dogo ya ce ya ji wani abu mai sanyi ya lashe shi a ciki.

"Daga yau in ka ɗaga hannun nan, duk wanda ke ɗakin zai ga abin da kake so ya gani, ko juji ka nuna. Saura ladana." Ya shimfiɗa farar fatar akuya, ya miƙa masa gawayi. "Zana mini gidanku."

Nan fa aka zo fagen Dogo. Ya zana shi tsaf yadda suke yi a ofis, kamar an cire rufi ana leƙowa daga sama: kicin, ɗakin ajiya, ɗakin Inna, na matarsa, na yayarsa da 'yarta, ɗan ƙaramin ɗakin da aka sa gadon jaririyarsa, sai ɗakin aikinsa inda yake kwana cikin takardu. Har da inda kowace ƙofa ke buɗewa.

Bokan ya duba ya ce, "Ina mutanen?"

"Mu ba ma zana mutane. Suna ɓata zane."

"To, madalla. Duk shekara kafin ka shiga hukunci, ka zo ka shafe mini ɗaki ɗaya da gawayi. Kai za ka zaɓa. Ranar da ka ɗaga hannu, ranar zan karɓa, da duk abin da ɗakin ya ƙunsa yau ɗin nan."

"In na ƙi fa?"

"In aka yanke hukunci hannunka yana ƙasa, kai zan ɗauka."

Dogo ya auna a ransa, bulo ne da siminti da kwano, abin da zai sake ginawa a wata guda. Ya ce ya yarda. Da kicin da ɗakin ajiya suka ƙone har daɗi ya ji, ya ɗauka in ya kwashe kowa daga gidan ya yi wa boka wayo.

Mai ɗinki ta ce, "Na Inna kana iya cewa ba ka sani ba. Na matarka fa? Na 'yata fa?"

Ya juya yana tattara takardunsa.

"Ni ma a ɗakin nake kwana. Me ya sa bai ɗauke ni ba?"

"Ya ce ɗaya ta ishe shi. Ya fi son ƙarama."

Ta ce, "Saura biyu ke nan. Naka da na Auta."

Auta ita ce jaririyar nan, yanzu ta fara zuwa makaranta, haƙoranta na gaba sun fita.

Dogo ya ce, "Yaya, ki duba da hankali. Yarinya ce, ba ta san komai ba tukuna. Ni kuwa mutum nawa ke ci a ƙarƙashina?"

Ta tofa masa yawu a kan takardunsa, ta buɗe ƙofa. Ranar ta ɗauki Auta suka koma bayan shagonta da zama. Ta san nisa ba ya hana komai, tunda bai hana a kan 'yarta ba. Ta yi addu'a, ta aika masa dattawa, ta je da kanta ta durƙusa wa yaron da ta goya. Ya sa maigadi ya daina buɗe mata.

Da ranar hukunci ta zagayo, ta kai Auta wurin maƙwabciya, ta goge wata riga ta rataya a hannu, ta nufi otal ɗin. Ta ce wa na bakin ƙofa ita ce telar shugaba, ta kawo rigar da zai sa a bikin yamma. Suka buɗe mata.

Ɗakin sanyi kamar wurin ajiye gawa. Dogon teburi cike da gidajen kwali, alƙalai suna kewaya shi da kofunan shayi. Akwai Farfesa mai tumbi, akwai wata mai mujalla da tabarau a goshi, akwai wani tsoho da ke gyangyaɗi a kujera. Ba wanda ya ɗago ya dube ta. Gini biyu suka rage: wata kasuwa mai rumfuna da inuwa, da wani asibitin haihuwa na gilashi tun daga ƙasa har sama.

Farfesa yana cewa, "Ku dubi yadda haske ke zuba a ciki. Kamar waƙa."

Tsohon ya farka ya ce, "Tagogin na buɗewa kuwa? An ce masu jego a waje suke kwana saboda zafi."

"Wa ya je ya gani? Kai ka je?"

"Ni ina zan je da ƙafar nan?"

Mai mujalla ta ɗaga hoton kasuwar da yatsa biyu kamar ta ɗauko tsumma. "Wannan kuma wa ya bar mutane suka shiga kafin a ɗauki hoto? Ga wata har da kwando a ka. Ai sun kashe ginin."

Aka yi dariya. Dogo ya gyara murya ya ce lokaci ya yi. Akwai baƙin gawayi a ƙarƙashin farcensa, Mai ɗinki ta hango shi tun daga bakin ƙofa. Ya fara ɗaga hannun dama.

Ta yar da rigar, ta yi tsalle ta kama hannun da hannuwanta biyu, ta faɗa ƙasa da shi da dukan nauyinta. Hannun sanyi ƙalau kamar ƙarfe. Ya doke ta da na hagu a fuska, ya ja ta a kan dadduma, ta kafa masa haƙora a tsintsiyar hannu.

"Yaya, sake ni! Za ki kashe ni!"

"'Yarsa zai yanka!" take ihu ta gefen baki. "Ya ci uwarsa, ya ci 'yata! Ku taimake ni!"

Ba wanda ya taimake ta, ba kuma wanda ya taimake shi. Mai mujalla ta janye kofinta kada a zubar. Farfesa ya dubi agogo.

"Wannan rigimar gida ce, ba ta shafe mu ba. Mai asibitin yana jiranmu a ƙasa, abinci na hucewa. Masu son gilashi?"

Hannuwa uku suka tashi.

"Ya ci. Shugaba, ka same mu in kun gama."

Suka tsallake su suka fita. Ginin da aka biya Dogo don ya zaɓa, shi ɗin dai suka zaɓa, babu tukunya babu boka. Ashe tun farko faranti ɗaya ya ishe su.

Sai a lokacin ta sake shi. Hannun ya miƙe sama da kansa, ya sandare. Dogo ya dubi kwandon shara da ke lungu, ya yi murmushi ya ce, "Wannan ya ci."

Hannun bai sake sauka ba. Waɗanda suka ba shi kaso suka zo suka kwashe motoci, gidan bene ya koma hannun wasu, dangin matarsa suka tafi da ita. Farfesa ya hau kujerar, gasa ta ci gaba, ko sau ɗaya ba su aiko a duba shi ba. Yanzu yana zaune a gindin wata katanga kusa da tashar mota, hannun ya bushe a sama kamar reshe, ƙudaje na bin hammatarsa. Yana nuna kwata, yana nuna masai, yana ba su lambar yabo.

Duk wanda zuciyarsa ke raya masa kujera ko ta halin ƙaƙa, ya je ya dube shi da kyau. Boka ba ya sata. Tambayarka yake yi, kai kake zaɓa, da hannunka kake shafewa, kuma na gidanka za ka fara ci kafin a zo kanka.

Auta tana nan, ta fara koyon sa zare a allura. Mai ɗinki ba ta yafe ba, ba ta kuma ce za ta yafe ba. Amma kullum da hantsi takan zuba abinci a roba, ta taka har tasha, ta ajiye a ƙasa, ta tura masa da ƙafa. Ba ta gaishe shi. In ta dawo shago sai ta wanke hannunta da sabulu kafin ta taɓa yarinyar.