Fuskar Nusaiba a Bango Huɗu

Ranar Asabar aka haɗa sabuwar na'ura a gidajen kallon Alhaji Shitu, daga ranar kuma Nusaiba ta daina ɗaga kai a garin Kiru.

Gidajen huɗu ne: Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa. Injiniyan da ya zo daga Kano ya yi bayani da Turanci. Mujitaba, saurayinta mai kula da na Kiru, ya yi ta gyaɗa kai. Bai gane ba, girman kai kuma ya hana shi tambaya.

Bayan azahar, da ya ga ba kowa, ya jona wayarsa ya kunna bidiyon da ta turo masa: ba ɗankwali, tana tsifar kai, tana rera sunansa tana dariya.

Bai san duk abin da aka saka a Kiru yana fita a sauran ukun ba. Can kuwa maza ne maƙil, suna jiran ƙwallo.

Kamaluddeen, ɗan kawunta da ta ƙi aura bara, yana gidan kallon Tudun Wada. Ya ɗauka a waya, kafin magariba ya kai wa mahaifinta. Kamaluddeen mutum ne mai son zumunci, musamman irin wanda ke ciwo.

Kwana uku kafin ta yarda ta fito soro.

"Hasken raina... ki saurare ni..."

"Kar ka ƙara kira na haka!"

"Wallahi na'urar ce..."

"Na'urar ce ta buɗe wayarka? Jiya na je ɗiban ruwa, yara suka bi ni da waƙar! Baba a ɗaki yake sallah, Mujitaba. Baba fa!"

Ya sunkuyar da kai.

"Ya ce in ya ƙara ganin ka a nan... Ni dai abu ɗaya zan tambaye ka. Me ya sa ka saka ni?"

Amsar tana bakinsa. Ya ji ta yi yarinta da yawa, ya haɗiye.

"Gwaji nake."

"Gwaji..." Ta goge ido da gefen hijabi. "To madalla. Tana aiki."

Ta zare zobensa ta ajiye a kan dakali, ta shige gida.

Da kanta ta nemi a kai ta wurin gwaggonta a Dangora. Da lokacin kaka ya zo, ta auri wani malamin firamare, mutumin kirki da bai taɓa shiga gidan kallo ba.

Mujitaba ya ƙware da na'urar yanzu, har koya wa wasu yake.

Abin da bai faɗa mata ba shi ne: wayar ta yi masa ƙanƙanta. So ya yi, sau ɗaya, shi kaɗai, ya ga fuskarta ta cika bango.