Saura Awa Tara a Goge Shi

"Saura awa tara," in ji kwamfutar.

Itzel ta buga tebur har kofin shayinta ya tuntsure. Fuskarta jage-jage da hawaye. Awa tara kafin foldar hotunansu ita da Narek ta gogu, alhali Papa ya rantse in ya dawo daga ɗaukar hoton biki ƙarfe uku ya tarar da ko ƙyallin yaron a shagonsa, to ba shi ba ita.

A kan kwamfutar nan suka haɗu bara, ranar da faifan ajiyarta ya mutu da hotunan marigayiya Mama Amparo na shekara ashirin. Narek mai gyara ya ɗago kai daga bayan tebur, suka haɗa ido, sukudireba ta suɓuce masa. Soyayya ta kama, faifan dai bai tashi ba. Tun ranar Papa, wato Don Rogelio, ke kiransa "wanda ya kashe min Amparo karo na biyu".

Duk ta jure. Amma jiya Gilberto, mai shagon furanni da ya daɗe yana mata naci, ya nuna mata hoton motar Narek a ƙofar gidan wata mata. Ya ce wata huɗu ke nan yana zuwa duk Laraba.

Duk garin Fresno mutum ɗaya ta sani da ya iya lallashin tsohuwar kwamfutar. Ta cije leɓe ta rubuta:

"Ina goge ka, amma abin nan ya ƙi sauri. Zo ka yi aikinka."

Amsa ta shigo nan take: "Ina hanya, Tauraruwata. Don Allah ki dakatar da shi."

Narek ya shigo, ko gaisuwa ba ta amsa ba.

"Ƙananan fayiloli ne birjik," ya ce. "Kowane sai an duba shi, an kai shi kwandon shara. Layi ɗaya zan rubuta ya share duka cikin minti biyu. Sai dai babu kwando, babu dawowa."

"Haka nake so. Ka koma wa 'yar Larabarka."

Ya rubuta layin, ya matsa mata kujera. "Danna nan. Amma ki faɗa min, hotuna nawa muka ɗauka ni da ke?"

"Ba su kai dubu biyu ba."

"Karanta lambar."

Dubu arba'in da ɗaya. Yatsanta ya tsaya a iska.

Ya buɗe wata folda a can ciki. Sai ga Mama da jar riga tana dariya a bakin ruwa. Ga ta tana murza masara, ga ta ranar aurenta.

"'Yar Larabar tawa shekararta sittin da biyar," ya ce. "Ta yi ritaya daga aikin ceto matattun faifai. Ɗaya-ɗaya muka tsamo su daga faifan da ya mutu bara. Shekaranjiya na zuba miki su a cikin foldarmu, na so ranar Lahadi in zo da su neman aurenki."

"Narek, saura kaɗan in..."

"Waɗanda suka tafi suna kwando. Nawar tsohuwar kwamfutar nan ce ta cece mu."

Ta fashe da kuka da dariya a haɗe. "Mugu kawai! Da na danna fa?"

"Na bar harafi ɗaya ban saka ba. Ni mahaukaci ne?"

Ƙarar ƙofa ta katse su. Don Rogelio ya cika baki zai yi tsawa, idonsa ya sauka a kan jar rigar. Jakar kyamara ta zame daga kafaɗarsa. Ya matso ya dafa kan Narek.

"Ɗana, ka yafe min. Ka kawo iyayenka ranar Lahadi. Allah ya albarkace ku, ya ba ku irin zaman da muka yi."

Itzel ta danna hoto na gaba tana share ido. Mama ce, budurwa shar, rungume da jaririya. A ƙasan hoton an rubuta shekara: bakwai kafin a haifi Itzel.

"Papa, wace ce wannan?"

Nan take aka sake turo ƙofa. Wata mace ce riƙe da akwati, da idanun Mama sak.

"Nan ne shagon mijin Amparo?" ta ce. "Ni 'yarta ce. Na zo ganin ƙanwata."