Kwalba Ta Sha Bakwai

Ana gab da tashi daga aiki waya ta shigo ofishin Sufeto. An tsinci gawar wata malama a ɗakin gwaji na jami'a.

Sufeto ya tsani lissafi tun yana firamare. Har yau in 'yarsa ta kawo masa aikin gida, sai ya tuna yana da kiran gaggawa. Da ya ji malamar ƙididdiga ce, ya ja tsaki ya ɗauki hularsa, Saje na biye da shi.

Tana kwance tsakanin firji da teburin siminti, ƙeyarta ta bugu da gefen teburin. Firjin a buɗe yake. Ciki kwalaben ruwa ne a jere, kowace da lambarta, daga ɗaya zuwa talatin. Gurbin ta sha bakwai babu komai.

Mai kula da ɗakin gwajin, wanda shi ya ga gawar, yana tsaye a gefe.

"Me take koyarwa?" Sufeto ya tambaye shi.

"Yadda ake karanta alƙaluma, Yallaɓai. Ba ta son koyarwar allo. Bana sai ta tura ɗalibai su ɗebo ruwa daga famfunan unguwanni, ni in auna gubar dalma, wasu su yi lissafin."

"Wasu?"

"Dokarta ke nan. Mai ɗebowa ba ya lissafi, mai lissafi kuma ba ya sanin inda aka ɗebo. Wai don kada son rai ya shiga."

"Kai ina kake da abin ya faru?"

"Ina nan baranda."

Saje ya dubi takalmin mutumin. Laka ce har idon sawu, barandar kuwa tayil ce. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiya ya je ɗauko yara daga makaranta, ya bar ƙofa a buɗe.

A bango akwai wani babban zane mai ɗigo-ɗigo, an manna masa tambarin lambar yabo. Rubutun da ke samansa ya ce ruwan famfunan lafiya lau yake. Kowane ɗigo famfo ɗaya ne, in ji mai kula da ɗakin. Sufeto bai fahimci layukan ba, amma ya iya ƙirga. Ya bi ɗigon da bakin biro, ya samu ashirin da tara. Ya sake bi, don bai yarda da kansa ba. Ashirin da tara dai.

"Wa ya yi wannan?"

"Shugaban aji. Kalkuleta suke ce masa. Da zanen nan ya samu gurbin ƙaro karatu."

Aka kirawo shi. Siririn saurayi ne mai tsabta, idanunsa sun yi ja.

"Ina asibiti tun safe, Yallaɓai," ya ce tun ba a tambaye shi ba. "Ƙanwata ce. Ta daɗe tana ciwon ciki, yanzu har jijjiga take. Likitoci sun rasa gane kanta."

"Allah ya ba ta lafiya. Kwalba talatin, ɗigo ashirin da tara. Ina ɗayan?"

"Ta sha bakwai ta fashe tun farko. Ba a ma auna ta ba."

Sufeto ya bar shi zaune, ya koma wajen mai kula da ɗakin.

"Fashewa?" mutumin ya ce. "Ni na auna ta, na maimaita, don lambar ta ba ni tsoro. Ta ninka sauran nesa ba kusa ba. Yau da safe ma Malama ta sa na ciro ta gaba-gaba."

Saje, wanda aka tura bincike, ya dawo da abu biyu. Ya ce kiran ƙarshe a wayar marigayiyar na Kalkuleta ne, kuma nas ta tabbatar ya bar asibiti da rana bayan an kira shi. Na biyun yana hannunsa cikin leda: kwalba babu ruwa, daga kwandon sharar bayan gini, lambarta sha bakwai.

Sufeto ya ajiye ta gaban saurayin.

"Ga wadda ta fashe."

Saurayin ya dubi lambar da ke jikinta.

"Malama ce ta koya mana cewa lambar da ta yi nisa da 'yan'uwanta abar zargi ce."

"Ta ce a zarge ta, ko ta ce a jefar?"

"Ta ce a koma a bincika." Ya kawar da kai daga kwalbar. "Lokacin miƙa aiki ya ƙure. Lambar nan ɗaya ta ɓata min komai, na ce kuskuren na'ura ne, na goge. Yau ta ƙirga ɗigon. Ta ce za ta janye zanen, ta kai wa hukuma ruwan, ni kuma ta kai ni kwamitin ladabtarwa. Na roƙe ta. Na kai hannu in karɓi kwalbar, ta riƙe, na fizga... Wallahi ban yi nufin ta faɗi ba."

Tausayi da haushi suka haɗu wa Sufeto, amma wani abu ya fi damunsa. Tun zangon karatun da ya wuce ake shan wannan ruwan.

"Wane famfo ne?"

"Ban sani ba, Yallaɓai. Ba a faɗa mana."

Aka nemo ɗalibar da ta ɗebo daga sha ɗaya zuwa ashirin. Ta shigo tana share hawaye da gefen mayafi.

"Ta sha bakwai? Na tuna, don na sha wuya kafin in gano wurin. Bayan tashar mota ne, layin masu fasa tsofaffin batir. Famfon yana jikin wani gida mai koriyar ƙofa, akwai keken ɗinki a zaure."

Kalkuleta ya miƙe zumbur, kujera ta kife.

"Keken ɗinki?"

"Eh. Matar gidan ma ta ba ni mazubi."

Saje ya riga ya sa masa ankwa, don haka Sufeto ne ya ciro wayar daga aljihun rigar saurayin, ya nemo inda aka rubuta Umma, ya kara masa a kunne.

"Umma, kar a ƙara ba ta ruwan da kike kai mata daga gida. Kar kowa ya sha. Ki gaya wa likita dalma ce, su duba jininta."

Muryar matar ta fito ta wayar, kowa na ji.

"Dalma? A famfonmu? Kai tun yaushe ka sani?"

Kalkuleta ya kawar da kunnensa daga wayar. Sufeto ya jira kaɗan, sannan ya kashe wayar.

"Saje, tafi da shi. Ka tura mutum biyu su ɗaure famfon nan kafin yara su fito ɗiban yamma."